Ginin Bankin Ingila: Katanga Ta Tsira, Ɗakuna Sun Tafi

Manomi a Nasarawan Doya ya san darajar rumbu. In ya gama girbi, ba ya barin hatsinsa a fili. Yakan ɗora rumbu a kan duwatsu saboda gara da danshi. Yakan yi masa jinka saboda ruwan sama. Yakan bar ƙofarsa ƙarama, a can sama, saboda ɓarawo da akuya. Duk abin da aka yi a jikin rumbu akwai dalilinsa.

Haka ginin banki yake. Banki rumbun kuɗi ne. Wanda zai gina shi dole ya yi tunanin ɓarawo, ya yi tunanin gobara, ya yi tunanin hasken da ma'aikata za su yi lissafi da shi. A birnin Landan, babban birnin ƙasar Ingila, akwai wani tsohon banki da ya yi suna saboda gininsa. Sunansa Bankin Ingila. Yau doka ta hana a rushe shi ko a sāke masa kama ba da izini ba. Amma kafin dokar ta zo, an riga an yi ɓarna mai yawa a cikinsa.

Wane banki ne wannan?

An kafa Bankin Ingila a shekarar 1694. A lokacin Ingila tana yaƙi da Faransa, kuma sarki yana bukatar kuɗi. Sai attajirai suka haɗa fam miliyan 1 da dubu 200, suka ranta wa gwamnati. Daga nan banki ya samo asali.

Ba irin bankin da manomi yake kai kuɗin rakensa ba ne. Shi ne uban bankunan ƙasar. Shi ke fitar da takardun kuɗi. Shi ke ajiye dukiyar gwamnati. Aikinsa irin na Babban Bankin Nijeriya ne, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Yuli, 1959. Har ma gwamnan farko na Babban Bankin Nijeriya, wani Bature mai suna Roy Fenton, daga Bankin Ingila aka aro shi.

Shekara 40 Bankin Ingila ya yi yana zaman haya. Sai a 1734 ya koma gidan kansa a titin Threadneedle, wato titin Zare da Allura. Gidan bai da girma sosai a lokacin. Gidajen mutane da wata majami'a suna manne da shi. A hankali banki ya riƙa sayen gidajen maƙwabta yana faɗaɗawa.

Daren da aka kai hari

A watan Yuni na 1780 aka yi babbar tarzoma a Landan, kan wata doka da ta shafi addini. Masu tarzoma suka ƙone gidaje. Suka fasa gidajen kurkuku. Da dare suka nufi banki. Sojoji ne suka kore su da harbi.

Wannan abu ya tsorata shugabannin banki ƙwarai. Suka duba suka ga majami'ar da ke kusa tana da doguwar hasumiya. In maƙiyi ya hau ta, zai ga cikin banki duka, har ya iya yin harbi. Ba da daɗewa ba suka sami izini, aka rushe majami'ar. Filin kaburburanta aka mayar da shi lambu, kuma akwai lambu a tsakar gidan banki har yau.

Tun daga wannan tarzoma aka riƙa turo sojoji kowane dare su kwana suna gadi. Ba a daina ba sai a 1973. Wato shekara 193 ana wannan gadi.

Ɗan magini ya karɓi aiki

A 1788 banki ya ɗauki wani mai tsara gini mai suna John Soane. An haife shi a 1753. Ubansa magini ne, mai jera bulo. Ba ɗan sarauta ba ne, ba kuma ɗan attajiri ba. Ya koyi zanen gini tun yana yaro, ya yi fice, har aka ba shi kuɗin tafiya ƙasar Italiya a 1778 don ya duba gine-ginen mutanen dā. Ya auna su, ya zana su, ya koma gida da iliminsu.

Soane ya yi shekara 45 yana aikin bankin, daga 1788 zuwa 1833. Bai rushe komai a rana ɗaya ba, domin banki ba ya tsayar da aiki. Yakan gyara wannan sashe, a koma ciki, sannan ya kama wani. Kafin ya bar aiki, filin banki ya wuce eka 3. Tituna huɗu sun kewaye shi. Babu gidan kowa da ke jingine da shi.

Matsaloli uku ne suka tsaya a gabansa: ɓarawo, duhu, da wuta.

Katanga ba taga

Maganin ɓarawo shi ne katanga. Soane ya kewaye filin duka da doguwar katanga mai kauri, ta dutse. Bai huda taga a jikinta ba. Dalili kuwa, taga ita ce hanyar mai tsallake, kuma ta nan mai tarzoma ke jefa wuta. Ƙofofin shiga ma kaɗan ya yi. Akwai wadda jama'a ke bi. Akwai wadda aka keɓe a bayan gida don kekunan doki masu ɗauke da zinariya da azurfa.

Wanda ya san gidan Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba. Gidan mai unguwa ko na attajiri a Makarfi ko Kudan, daga waje katanga kawai ake gani, sai zaure. Baƙo ba ya ganin tsakar gida. Duk mai shiga sai ya bi ta zaure, inda ido ke kansa. Ɗakuna suna kallon ciki, ba sa kallon titi.

Amma katanga tsirara mai tsawon titi guda tana kama da gidan kurkuku. Banki kuwa yana so mutane su amince da shi, su zo ba tare da fargaba ba. Saboda haka Soane ya yi wa katangar ado. Ya jera ginshiƙai a wasu wurare. Ya zana siffar tagogi a jikin dutse, amma a toshe suke. Daga nesa kamar taga, in an matso sai a ga bango ne. A wata kusurwa inda tituna biyu suka haɗu, ya lanƙwasa katangar, ya kafa ginshiƙai a kewaye, ya kwaikwayi wani tsohon gini da ya gani a garin Tivoli na Italiya. Har yau ana kiran wurin Kusurwar Tivoli.

Magina a ƙasar Hausa su ma sun san wannan dabara. Shi ya sa suke yin zāne a goshin zaure, su kafa zanko a saman soro. Gida yana nan a rufe, amma fuskarsa tana nuna mutuncin mai shi.

Haske daga sama

To, in babu taga, ta ina haske zai shiga? A zamanin babu wutar lantarki. Akawuna suna wuni suna rubutu da alƙalami a manyan littattafan lissafi. In akawu ya kuskure lamba ɗaya saboda duhu, wani zai yi asarar dukiya. Kyandir da fitilar mai kuwa ba su da ƙarfin haske, ga kuma haɗarin gobara.

Sai Soane ya ɗauko haske daga sama. Ga yadda ya yi a wani babban ɗaki da ya gina wajen 1792. Ya kafa ginshiƙai huɗu a tsakiya. Ya haɗa su da baka, daga wannan zuwa wancan. A kan bakunan ya ɗora ƙubba. A tsakiyar ƙubbar ya bar babbar kafa, ya ɗora mata wani ɗan rufi mai gilashi a kewaye. Can sama kusa da rufi kuma ya yi wasu tagogi masu siffar rabin wata. Da rana ta fito sai haske ya sauko a kan teburan akawuna. Ɓarawo kuwa ba shi da hanya, domin tagogin suna can sama, a bayan katanga.

Wannan baka shi ne magina Hausawa ke kira bakan gizo. Rufin da ya tashi kamar an kifa ƙwarya, sun san shi a ɗaurin guga. Amfaninsu ɗaya ne a ko'ina. Baka yakan ɗauki nauyin rufi ya kai shi gefe, ya sauke a kan ginshiƙi ko bango. Ta haka ake samun ɗaki mai faɗi da tsawo, wanda zai ɗauki mutane da yawa. Bambancin shi ne kayan aiki. Bahaushe yana ɗaura azara ya lulluɓe ta da ƙasa. Soane ya yi da ƙonannen bulo da dutse.

Da yake haske daga sama yake zuwa, ginin Soane bai yi tsawo ba. In an ɗora bene a kan ɗaki, an toshe masa haske. Saboda haka banki ya bazu a ƙasa, ɗaki bayan ɗaki, da tsakar gida a tsakaninsu, kamar ƙaramin gari a cikin ganuwa.

Maganin gobara

Mutanen Landan suna tsoron wuta. A 1666 wata gobara ta cinye gidaje fiye da dubu 13 a birnin. A banki kuwa, in littafin lissafi ya ƙone, ba wanda zai san nawa ake binsa, nawa yake bi.

Ɗakunan da aka gina kafin zuwan Soane, da katako aka yi rufinsu. Da ya duba sai ya tarar wani rufin ya fara ruɓewa saboda yoyo. Katako yana ruɓewa, yana kuma cin wuta. Sai ya rage amfani da shi, ya koma ga bulo.

Amma bulo yana da nauyi. Ƙubbar da aka yi da bulo zalla tana iya tura bango ya buɗe. Dabarar da ya yi ita ce amfani da 'yan tukwanen ƙasa da aka gasa, masu rami a ciki. Aka jera su a rufi kamar yadda ake jera bulo, aka ɗaure su da kwaɓi. Tukunya ba ta cin wuta, domin da wuta aka gasa ta. Ba ta da nauyi, domin cikinta iska ce. Kowace mai ginin tukwane a ƙauye ta san haka. Magina a nan ma suna bin wannan ƙa'ida in suka yi gindin bango da kauri, suka riƙa rage shi yayin da yake tashi. Nauyi a ƙasa, sauƙi a sama.

Yadda aka rushe ciki

Ginin Soane ya yi aiki kusan shekara 100. Masu koyon tsara gini suna zuwa daga ƙasashe su gan shi. Sai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zo, daga 1914 zuwa 1918. Gwamnati ta ci bashi mai yawa, aikin banki ya ƙaru, ma'aikata suka kai dubbai. Wuri ya yi kaɗan. Babu filin da za a ƙara, domin tituna sun kewaye ko'ina. Hanya ɗaya ta rage, a yi sama a kuma yi ƙasa.

Aka ba wani mai tsara gini aikin, sunansa Herbert Baker. Shi ne ya tsara manyan ofisoshin gwamnati a birnin Pretoria na Afirka ta Kudu. Daga 1925 zuwa 1939 aka rushe kusan duk ɗakunan Soane. Aka kafa sabon gini mai ƙashin ƙarfe, aka lulluɓe shi da farin dutse. Hawa 7 ne a sama, hawa 3 a ƙarƙashin ƙasa. A lokacin akwai lantarki, saboda haka ba a damu da hasken ƙubba kamar dā ba.

Abin da aka bari shi ne katangar waje, ita ma an taɓa wasu wurare a jikinta. Wanda ya tsaya a titi yau zai ga tsohuwar katanga marar taga a ƙasa, ga dogon bene mai tagogi ya taso daga bayanta.

Banki yana da hujja, domin ma'aikata suna bukatar wurin zama. Amma masana tarihin gini da yawa sun ce wannan rushewa tana cikin manyan asarorin da Landan ta yi. Daga baya bankin ya sāke gina ɗaki ɗaya irin na Soane, ta hanyar bin zanen da ya bari. Ɗakin yana cikin gidan tarihin banki, wanda aka buɗe a 1988. Yana da kyau, amma kwaikwayo ne. Na asali ya tafi.

Abin da ke ƙarƙashin ƙasa

A ƙarƙashin ginin akwai taskokin zinariya. Akwai dunƙulen zinariya wajen dubu 400, kowanne da siffar ƙaramin bulo. Nauyin kowane ɗaya ya kai kilo 12 da rabi. Wato guda 8 sun yi nauyin buhun masara mai kilo 100. In an haɗa duka, nauyinsu ya kai na buhu dubu 50. Yawancin zinariyar ba ta bankin ba ce. Ta gwamnatin ƙasar ce da ta bankunan wasu ƙasashe. Ajiya aka ba shi.

A nan ma ƙasa ce ta faɗa wa magini yadda zai yi. Ƙasar Landan yumɓu ce. In aka tara nauyi mai yawa a wuri ɗaya, tana iya lotsawa. Saboda haka ba a jibga zinariyar har rufi. Ana baza ta a ɗakuna da yawa. Wanda ya taɓa gina ɗaki a bakin fadama ya san abin da laka ke yi wa harsashi.

Mece ce rajistar gine-ginen tarihi?

A Yaƙin Duniya na Biyu, bama-bamai sun rushe tsofaffin gine-gine da yawa a Ingila. Sai gwamnati ta yi dokoki a 1944 da 1947, ta ce a rubuta sunayen gine-gine masu muhimmanci a cikin rajista. Gini in ya shiga rajista, yana nan a hannun mai shi. Zai zauna a ciki, zai yi sana'arsa, zai iya sayarwa. Amma ba zai rushe ba, ba zai sāke masa siffa ba, sai da izinin hukuma. Wanda ya saɓa, laifi ya yi, kuma ana iya kai shi kotu.

Rajistar tana da aji uku. Aji na ɗaya shi ne na gine-gine mafi daraja, kuma ba su kai 3 cikin 100 ba. A 1950 aka sa Bankin Ingila a wannan aji. Shekara 11 ke nan bayan an gama rushe ɗakunan Soane. Doka ta tsare abin da ta tarar, amma ba ta iya dawo da abin da ya wuce ba.

Nijeriya ma tana da irin wannan doka. An fara ta a 1953. A 1979 aka kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa. A cikin rajistarta akwai Gidan Makama a Kano, da hasumiyar Gobarau a Katsina, da ganuwar Zariya, da tsofaffin masallatai na Maigana da Bebeji. Waɗannan garuruwa biyu ba su da nisa da Ikara da Makarfi da Kudan.

Abin da ya faru a Zariya

Soane ya bar aiki a 1833. Bayan shekara ɗaya, a 1834, Abdulkarim ya zama Sarkin Zazzau. A zamaninsa ne Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya. Da ƙasa da azara ya yi shi. Ya kafa manyan ginshiƙai, ya ɗaura bakan gizo, ya ɗora rufi mai tsawo. Wato kusan a lokaci ɗaya, gwanaye biyu da ba su san juna ba suna warware matsala iri ɗaya: yadda za a rufe ɗaki mai faɗi, ya ɗauki jama'a, ya kuma daɗe.

Masallacin Zariya shi ma ya yi wa jama'a kaɗan. A shekarun 1970 aka yi sabon gini na siminti a wurin. Wasu sassan tsohon ginin sun tafi. Amma an bar wani sashe na ɗakin salla a cikin sabon ginin, da ginshiƙansa da bakunansa. A Landan an bar waje an rushe ciki. A Zariya an sāke waje an bar ciki. A duka biyun, bukatar wuri ce ta jawo, kuma abin da aka rushe bai dawo ba.

Abin da ya rage ga jama'a

Ba kowane tsohon gini ne zai shiga rajistar gwamnati ba. Amma a garuruwa da ƙauyuka akwai tsofaffin zauruka da soraye da masallatai na ƙasa. Wasu sun girmi duk wanda ke raye a garin. Magina da suka iya ɗaurin guga suna ƙara ƙaranci. In irin wannan soro ya faɗi, da wuya a sami mai tayar da shi.

Babban abokin gāban ginin ƙasa shi ne ruwa. Kafin damina, a sāke yaɓe, a shafa makuba, a toshe tsaga a rufi. A share indararo don ruwa ya sauka nesa da bango. A cire ciyawa da 'yan itatuwan da suka tsiro a kan soro. Kada a bar ruwa ya kwanta a gindin katanga.

In wuri ya yi kaɗan, ba lalle sai an rushe ba. Ana iya yin sabon gini a gefe, a bar tsohon. Kafin a kawo diga, ya kamata dattawa da mai unguwa da magina su zauna su yi shawara. In ginin yana da tarihi, a sanar da hakimi, a kuma kai labari gidan tarihi na Kaduna ko Gidan Makama a Kano.

Akwai kuma aikin da ya dace da waɗanda suka koyi karatu da rubutu. An iya sāke gina ɗakin Soane ne domin ya bar zane da rubutu. To, mai alƙalami ya je wurin tsofaffi ya tambaya. Wa ya gina wannan zaure? A zamanin wane sarki? Daga ina aka kawo azara? Ya rubuta amsa, ya auna tsawo da faɗi, ya ajiye takardar a wuri mai kyau. Wannan aiki ba ya bukatar kuɗi, littafi da fensir sun isa.